Sauri Ya Haifi Nawa: Abin da Na Gani a Gwajin Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Na tabbata cikin 'yan'uwana ɗalibai, watakila har da malamanmu, ba za a rasa wanda zai ga kan wannan maƙala ya ce me ya haɗa kifi da kaska ba. Ɗalibin Hausa da ya kamata a same shi yana fama da tsarin sauti da karin waƙa, ina ruwansa da hanjin kwamfuta? To, amsar ita ce, a yau babu ɗayanmu da aikinsa ba ya bi ta cikin wannan na'ura. Jinga da kundin neman digiri da hirarrakin da muke naɗowa a ƙauyuka, har da makin da malamai ke ba mu, duk a cikinta suke kwana. Idan kuwa ta fara jan ƙafa, kasuwa muke nufa da 'yan kuɗin da muka tara da ƙyar, mu tsaya gaban mai shago yana karanto mana lambobi, mu kuwa muna gyaɗa kai kamar ƙadangare. Saboda haka na ga ya kyautu in kawo wa mai karatu abin da na fahimta game da ɗaya daga cikin waɗannan lambobi, wato wadda ake rubutawa a jikin kwalin ram, da abin da ke faruwa idan aka tilasta wa ram gudu fiye da kima.

Bari mu fara da sanin ita kanta ram ɗin. A cikin kwamfuta akwai rumbu, inda ake ajiye kome da kome ko da an kashe ta. Akwai kuma furosesa, wanda shi ne ma'aikacin da ke yin lissafi. Rumbu yana da faɗi amma yana da nawa, furosesa kuwa ba ya iya jira. Don haka aka sa wani allo a tsakaninsu, a kwafo abin da ake aiki a kansa daga rumbu a rubuta a kai, furosesa ya riƙa karantawa yana gogewa yana sake rubutawa. Wannan allo shi ne ram. Da zarar an ɗauke wuta sai ya wanku tas, shi ya sa wanda bai adana aikinsa ba yakan dafe kai in an yi ɗif.

Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ya ƙirƙiro irin ram ɗin da muke amfani da ita, a shekarar 1966. A 1970 kamfanin Intel ya fito da ƙwaya mai suna 1103, wadda ke riƙe ɗigon bayani 1,024. Tun da yake harafi guda na boko yana cin ɗigo takwas, ke nan haruffa 128 kacal take ɗauka, in ma rubutun Hausa ne ba za ta kai haka ba, domin a tsarin da aka fi amfani da shi yanzu ƙ da ɗ da ɓ kowannensu gurbin harafi biyu yake ci. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da wannan ƙira shi ne, kowane ɗigo ɗan cajin lantarki ne da aka zuba a wani mitsitsin mazubi, kuma mazubin yoyo yake yi. Dole ne a riƙa bin kowane layi ana sabunta shi, kamar ɗalibi mai saurin mantuwa da ba ya rabuwa da tishi. A irin ram ɗin da ake kira DDR4, ana kewaye dukan layukan cikin kashi 64 daga dubu na daƙiƙa ɗaya. Zafi kuma yana ƙara wa mazubin yoyo. Za mu dawo kan wannan batu na zafi a gaba.

Akwai wata ƙungiya ta masu ƙera kayan lantarki mai suna JEDEC da ke Amurka, ita ke tsayar da ƙa'idar gudun ram da ƙarfin wutar da za ta sha. Ƙa'idar DDR4 ta fito a 2012, da wuta bolt 1.2, gudunta kuma bai wuce 3200 ba. Ma'anar wannan lamba ita ce ram tana miƙa bayani sau miliyan 3,200 a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya sa ram ta wuce abin da ƙa'ida ta tsayar, ko ta wajen gudu, ko ta wajen rage mata lokacin jira, ko ta wajen ƙara mata wuta, to ya yi abin da zan kira sa mata ƙaimi, kamar yadda mahayi ke yi wa doki. Da can sai gwanaye ke yin haka da hannu. A 2007 Intel ta fito da tsarin XMP, inda mai harhaɗa ram ke rubuta ma'aunin ƙaimin a cikinta tun daga masana'anta, mai saye ya shiga saitin na'ura ya kunna kawai. AMD ta fito da nata mai suna EXPO a 2022.

Ga inda da yawa ke yin asara ba su sani ba. Babbar lambar da ke jikin kwali galibi ta ƙaimi ce. Mutum zai sayi ram mai lamba 3600 da tsada, ya cusa ta a na'ura, ita kuwa ta tashi a 2133 ko 2400 ko 2666, domin nan ne ƙa'ida ta ajiye ta, kuma haka za ta zauna shekara da shekaru muddin bai kunna XMP ba. Ya biya kuɗin doki yana tafiyar jaki.

Yadda aka yi na tsunduma cikin wannan harka kuwa shi ne, yayana yana da shagon buga takardu ba nisa da ƙofar makaranta, inda ake buga wa ɗalibai kundaye, shi kuma yana haɗa bidiyon biki da na suna. A nan nake yin hutuna ina taya shi. Babbar kwamfutar shagon ta tebur ce, furosesanta daga jerin Ryzen 5000 ne da AMD ta fara fitarwa a 2020, amma sandar ram guda ɗaya tak ke cikinta, mai gigabait 16 da lamba 3200. Da aikin bidiyo ya yi yawa sai ya ƙudura zai sake ram. Wani abokinsa mai sayar da kayan kwamfuta ya ba shi aron tagwaye kashi uku ya gwada ya zaɓa, kowane kashi sanda biyu ne masu gigabait takwas takwas. Na farko an rubuta masa 3200 CL16, na biyu 3600 CL18, na uku 4000 CL18. Farashinsu ma haka yake hawa kamar tsani.

Yaya ya ɗaga kwali na uku ya ce, “Ai magana ta ƙare, wannan mai dubu huɗun za mu ɗauka.” Na ce, “Yaya, tun da aro aka ba mu, a bari mu auna tukuna, kada mu sayi kare a buhu.” Ya ce, “To malam ɗan jami'a, auna mu gani.”

Kafin a taɓa na'ura, takarda da biro sun isa su faɗi rabin labarin, kuma lamba ta biyu ce mabuɗi. CL yawan bugun agogon da ram ke jira ne daga lokacin da aka nemi bayani zuwa lokacin da za ta fara miƙo shi. Mu ɗauki misalin mai zuwa Zariya daga Kano. Gudun mota abu ɗaya ne, daɗewar da za ta yi a tasha tana lodi wani abu ne dabam. Motar da ta fi gudu, in ta daɗe a tasha, ba lalle ta riga 'yar'uwarta isa ba. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka CL sau 2,000, a raba da lambar gudu, abin da ya fito shi ne jinkiri a ma'aunin nanosakan, wato kashi ɗaya daga biliyan na daƙiƙa. Na farko, 16 sau 2,000 a raba da 3,200, ya ba da 10. Na biyu, 18 sau 2,000 a raba da 3,600, shi ma 10. Ashe ta wajen jira, tsakanin na farko da na biyu ɗan juma ne da ɗan jummai. Na uku ya ba da 9. Ta wajen yawan kayan da ake kwasowa kuwa, ana ninka lambar gudu sau takwas: sanda mai 3200 tana iya kwaso gigabait 25.6 a daƙiƙa, mai 3600 tana kwaso 28.8, mai 4000 kuma 32. A takarda dai na uku ne zakara.

Da muka zo gwaji na aikace, abin da na koya a darasin tsarin sauti shi ya yi mini jagora. Malamanmu sun nuna mana cewa in ana son a tabbatar da sauti biyu sun bambanta, sai a samo kalmomi biyu da suka yi daidai ta kowace fuska sai a gurbi ɗaya, kamar kafa da ƙafa. Haka gwajin ram yake. Na'ura ɗaya, furosesa ɗaya, bidiyo ɗaya, lokaci ɗaya na yini, a rufe sauran manhajoji, ram kawai za a musanya. Kowane aiki kuma a maimaita shi sau uku, domin awo ɗaya yana iya zama dace. Wanda ya kwatanta ram ɗinsa a tasa na'ura da ta abokinsa a wata na'ura dabam, bai auna kome ba.

Abu na farko da ya fito fili shi ne, tazarar da ta fi kowace girma tana tsakanin tsohuwar sanda ɗaya da tagwayen farko, alhali kuwa lambarsu ɗaya, yawansu ɗaya. Dalili shi ne furosesa yana da hanya biyu zuwa ram. Sanda ɗaya hanya ɗaya take amfani da ita, ɗayar tana zaune a banza. Sanda biyu, in an sa su a ramukan da littafin na'ura ya nuna, suna buɗe duka biyun, sai 25.6 ya koma 51.2. Ke nan mafi arahar tagwayen ya riga ya kawo mafi yawan ribar.

Abu na biyu, tsakanin 3200 da 3600 manhajar awo irin su AIDA64 ta nuna bambanci sarai, lambobi suka hau. Amma da muka koma ga aikin da ke kawo abinci, wato fitar da bidiyon biki, sai da agogo a hannu muka gane wanda ya riga. Wajen buga kundi kuwa babu wanda zai iya rantsuwa da wace ram yake aiki, domin na'ura ta fi yatsun mai bugu sauri nesa ba kusa ba, ita ke jiransa.

Abu na uku shi ya ba Yaya mamaki. Zakaran takarda, mai 4000, ya kwaso kaya da yawa a manhajar awo, amma jinkirinsa ya fi na mai 3600. Ga dalili. A irin wannan furosesa akwai wata gada ta ciki da AMD ke kira Infinity Fabric, da kuma mai kula da ram, wanda shi ma a cikin furosesa yake. Aiki ya fi tafiya daidai idan su uku suna taka rawa da kiɗa ɗaya. Ram mai 3600 agogonta na bugawa sau miliyan 1,800 a daƙiƙa, saboda a kowane bugu sau biyu take miƙa bayani, kuma gadar tana iya bin wannan kiɗa ba wahala. Mai 4000 tana bukatar 2,000, wanda ba kowane furosesa na wannan jeri ke iya kaiwa ba. In ya kasa, sai na'ura ta raba musu kiɗa, mai kula da ram ya koma rabin gudu, abin da aka samu a gaba a rasa shi a baya. Doki mai gudu ne aka ɗaura wa amalanken da ba nasa ba.

Daga nan sai kwaɗayi ya motsa. Yaya ya ce tun da 3600 ne wurin da ya dace, me zai hana a ɗauki mai arahar a matsa mata da hannu har ta kai can, a ci riba biyu? Wannan ba wauta ba ce, mutane da yawa suna yi kuma suna dacewa. Dacewar ta dogara ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashin murfin sandar. Kamfanonin da sunansu ke jikin kwali, irin su Corsair da G.Skill da Kingston, harhaɗawa suke yi. Yawancin ƙwayoyin duniya daga wuri uku suke fitowa: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A zamanin DDR4 wata ƙwayar Samsung da ake kira B-die ta yi suna wajen jure ƙaimi, har masu sha'awa suna farautarta. Amma kwali biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya ɗauke da ƙwayoyi dabam dabam, shi ya sa ake sayar da ram tagwaye waɗanda aka gwada tare, shi ya sa kuma haɗa sandar wannan kwali da ta wancan yakan zama caca.

Muka matsa mata zuwa 3600, muka ɗan ƙara wuta bisa bolt 1.35 da XMP ya tsayar. Na'ura ta tashi lafiya lau da safe, ta buɗe kome, ta fitar da bidiyo, Yaya yana ta murmushi. Sai dai tashin na'ura ba shaida ba ce. Akwai manhajoji irin su MemTest86 da aikinsu shi ne su cika ram da rubutu, su karanto, su duba ko abin da suka rubuta shi suka tarar, su yi ta maimaitawa sa'o'i. Muka saka ta muka bar ta tana yi. Da safe babu kuskure ko ɗaya. Da rana ta take, a watan Afrilu, ga kwanon rufi ya gasu, ga fanka tana hura iska mai zafi, ga ƙurar da ta taru a cikin akwatin na'urar tun hunturu, sai kurakurai suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mazuban nan masu yoyo da na ambata a baya sun sha zafi, mu kuma mun rage musu sarari. Wanda ya ga sakamakon wani gwani na Turai da ya yi gwajinsa a ɗaki mai sanyi ya ce zai kwaikwaya a Kano ko Sakkwato lokacin bazara, ya tuna rigar sanyi ba ta aiki a kowane gari.

To, mai karatu zai ce kuskure ɗaya cikin biliyoyin ɗigo, me zai yi? In na'ura ta mutu nan take, ta nuna shuɗin allo, wannan ma sauƙi ne, domin ka san akwai matsala. Abin tsoro shi ne kuskuren da ba ya sallama. A yadda kwamfuta ke rubuta haruffa, ɗigo ɗaya tak ya raba d da f. Ke nan ɗigo ɗaya in ya juye, dama ta zama fama. Haka kuma ɗigo ɗaya ne tsakanin alƙalamin 7 da na 3 a rubuce, saboda haka 70 tana iya wayar gari 30. Malamanmu masu tara maki da ɗaliban da ake tara wa sun san nisan da ke tsakanin waɗannan biyun. In kuwa kuskuren ya faɗa daidai lokacin da ake adana kundi, to gurɓataccen ne zai shiga rumbu, wata rana a zo buɗewa ya ƙi. Shagon da ke riƙe da gumin shekara huɗu na 'ya'yan mutane, da bidiyon bikin da ba za a sake ɗaurawa ba, ba wurin irin wannan caca ba ne. Wannan ne ya sa manyan kwamfutocin bankuna da na cibiyoyin bincike ke amfani da ram mai gano kuskure ta gyara, wadda ake kira ECC, kuma ba a sa musu ƙaimi.

A ƙarshe Yaya ya mai da kwali na biyu da na uku. Ya ce a kawo masa irin na farko, amma mai sanda biyu masu gigabait 16 kowace, ya kunna XMP ɗinta ya tsaya nan, bayan ta kwana ta yini a gwaji ba kuskure. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Idan allo ya cika, na'ura komawa take yi tana aron wuri a rumbu, nawar da wannan ke jawowa kuwa ta shafe duk wata ribar nanosakan ɗaya ko biyu. Ga mai haɗa bidiyo, allo mai faɗi ya fi allo mai santsi.

Kada a ɗauka ina kushe masu wannan sha'awa. Akwai waɗanda wasansu ke nan, suna zuba wa na'ura ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma a 2024 sun kai sabuwar ram ta DDR5 sama da 12,000. Wannan sukuwar sallah ce, ta 'yan daƙiƙoƙi, ana yi a tafa a watse, babu mai zuwa fatauci da ita. Masu wasannin kwamfuta ma sukan ga ribar ƙaimi fiye da mai buga takarda, haka nan wanda na'urarsa ba ta da katin hoto na dabam, tun da a ram ɗin take aron wurin zana hotuna. Ita DDR5, wadda ƙa'idarta ta fito a 2020, lissafinmu bai canza a kanta ba. Mai lamba 4800 CL40 jinkirinta ya kusa nanosakan 17, mai 6000 CL30 kuwa 10 ne daidai, wato irin na tsohuwar 3200 CL16, sai dai ta fi ta kwasar kaya kusan ninki biyu.

Mafi yawanmu ɗalibai kwamfutar cinya muke da ita, irin wannan kuwa galibi ba ta yarda a sa mata ƙaimi, wasu ma an like ram ɗin a jikin allonsu ba ta ciruwa. Duk da haka darasin ya shafe mu, balle tun daga ƙarshen 2025 da farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawure ƙwayoyin. Wanda zai je kasuwa ya fara tambayar kansa ko yawan ram ɗinsa ya ishi aikinsa. Sa'an nan ya duba ko akwai ramin da ke zaune babu sanda, domin cike shi ne gyara mafi araha. In an karanto masa babbar lamba, ya nemi ta biyun, ya yi ɗan lissafin nan a bayan takarda. In mai kwamfutar tebur ne, ya tabbata furosesansa na iya bin kiɗan da zai saya. Bayan duk wannan, kada ya damƙa wa sabuwar ram kundinsa sai ta yini cur a gwaji, a cikin zafin ɗakin da za ta zauna, ya ga babu kuskure ko ɗaya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.